Giyar Da Yaya Ya Hana Ni

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, masu sauƙin kai da masu taurinsa. Yayana, wanda muke ciki ɗaya, ya koma ranar Talata da hantsi, 'yan watanni bayan an ce yaƙin basasa ya ƙare. Aka kai shi bayan azahar, aka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu da ke Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan.

Mutane sun zo, ba zan ce ba su zo ba. Ga fataken goro, ga direbobin tasha, ga kanikawan unguwar Mokola da baƙin mai a farcensu. Amma da liman ya ce duk wanda ya san wani alheri na mamaci ya faɗa, sai wuri ya yi tsit, kowa ya duƙufa a kan carbinsa. Can wani tsohon direba ya yi gyaran murya ya ce, "Bai taɓa ɗaura wa mutum tsohon ƙarfe ya ce sabo ne ba." Aka ce haka ne. Wani ya ce, "In ya ce mota za ta kai Ilori, to za ta kai." Aka ce wannan ma haka ne. Daga nan shaida ta ƙare, liman ya ja Fatiha da sauri.

A cikin gida ma ba a ji kururuwa ba. Matarsa na zaune a bakin ƙofar ɗaki, idonta a bushe, tana amsa gaisuwa da "sai haƙuri" kamar mai amsa sallama. Wadda ta yi kuka sosai wata Bayarabiya ce mai sayar da goro daga ƙauyukan Ijebu. Ta shigo tana "e pele, e pele," wato sannu da Yarbanci, tana buga cinya. Da aka tambaye ta me ya haɗa su, sai ta ce da gurguwar Hausarta, "Shekara da shekaru shi yana ɗauka mini goro. Shi bai taɓa yi mini dariya ba. Amma kayana bai taɓa kwana a daji ba."

Ranar sadakar uku babbar 'yarsa ta tare ni a zaure. Ta ce, "Baffa, kai kaɗai ka rage da ya san shi tun farko, kuma kana rubutu. Ka rubuta wani abu, kada a manta da shi." Na ce mata zan rubuta, amma ba zan shafa masa mai ba. Ta ce ai shi ma ba zai so a shafa masa ba.

Yaya ya girme ni da shekara goma sha biyu. A hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifinmu, a hannunsa na koyi tuƙi, kuma ban tuna ranar da ya ce mini "madalla" ba. Sana'arsa a-kori-kura, irin ƙananan motocin nan masu buɗaɗɗen baya. Da ita yake shiga ƙauyukan Yarbawa ya kwaso goro ya kawo Sabo, a ɗaure huhu, manyan motoci da jirgin ƙasa su yi Arewa da shi. Tasa tsohuwa ce, inji mai fulogi huɗu, ba ta gudu ko an roƙe ta. 'Yan tasha suka sa mata Kunkuru. Da damina, hanyoyin ƙauye su zama taɓo, motocin mutane su kakkafe, ita kuwa ta bi ta gefensu a giya lamba-wan tana gurnani, Yaya ko kallonsu ba ya yi.

Yana da kunne, wannan ko maƙiyinsa ya yarda. Sai ya kafa sukundireba a jikin inji, ya ɗora kunnensa a kan ƙotar, ya rufe ido, ya faɗi abin da ke ciwo a ciki. Ya ɗigo man giya a tafin hannu, ya murza da yatsa, ya ɗaga wa rana, ya gaya maka wata nawa suka rage wa giyarka. Amma ba a shan wannan ilimi sai da zagi a kai. Direba ya kawo mota yana cewa kuloci ya lalace, sai Yaya ya dubi ƙafarsa ya ce, "Kuloci lafiyarsa lau. Ƙafarka ta hagu ce ciwon motar nan, je ka a yanke ta." In ya ji wani ya kurza giya a titi, ko yana cin abinci sai ya ajiye loma ya ce, "Wannan jaki ya kamata a ba shi, shi ma jakin a tausaya masa." Matarsa ta sha cewa da ana kunna mutum da makulli, da ta ga tarairaya a gidan nan.

Ranar da za a kai kayan ɗakin matata, ni ke tuƙa Kunkuru. A lokacin na shekara biyar da lasin, na sha babbar riga, Yaya na gefena, 'yan'uwan amarya mata suna baya a kan gado da kwanuka suna guɗa. A mararrabar Mokola, da zan sauko lamba-tu, hannuna ya riga ƙafata, giya ta ce ƙurrr.

"Tsaya," in ji Yaya.

Na tsaya.

"Sauka."

"Yaya, surukaina ne a baya."

"Su ma su san irin wanda suka ba 'yarsu. Sauka."

Ya zagayo ya karɓi sitiyari, ya ja mota ya bar ni a tsakiyar titi, masu tallar dodo, wato soyayyar ayaba, suna nuna ni suna "Gambari, Gambari," sunan da Yarbawa ke kiran Bahaushe. Da ƙafa na iso gida. Matata ce ta mai da abin wasa daga baya. Duk sanda na ɗaure fuska a gida, sai ta zo bayana ta ce "ƙurrr," ta ruga ɗaki tana dariya. Mace ce mai raha, ba ta riƙe kowa a ciki. Har Yaya takan kai wa tuwo ta ce, "Yaya, ga man injinka."

Saboda in fita daga ƙarƙashinsa na sayi tawa motar. A lokacin wasu sababbin a-kori-kura sun shigo, inji mai fulogi shida, giyar a jikin sitiyari, in ka taka a kwalta sai ka ji kamar iska ce ke tura ka. Tawa ta ɗan yi aiki a hannun wani ɗan kwangila, amma tana sheƙi. Na kawo ta ƙofar gida, mutane suka taru suna sa albarka. Yaya ya fito, ya saurari injin, ya gyaɗa kai. Sannan ya kwanta a ƙarƙashinta da farar rigarsa, ya ɗigo man giya, ya fito ya ɗaga tafin hannunsa. Wasu 'yan ƙanana kamar garin azurfa suna ƙyalli a cikin man.

Ya ce, "Injin ba shi da laifi. Giyar ce aka yi ta don Bature ya ɗauki matarsa da karensa zuwa gona. Wannan inji ya fi ƙarfinta. Ka ɗora mata goro a tudun Ijebu, zai cinye haƙoranta ɗaya bayan ɗaya, kuma da lamba-tu zai fara."

Na ce, "Ko Allah ya sa alheri ba za ka ce ba?"

Ya ce, "Allah ya sa alheri. Da lamba-tu zai fara."

Shekara guda da rabi ina ba shi kunya. In yi sawu biyu kafin ya yi ɗaya. In wuce shi a hanya in danna masa ham. A tasha ana cewa ƙane ya shafe wa.

Mutum ɗaya na san Yaya yana ganin girmansa, wani bakanike Ibo da ke da gareji a Mokola, kowa na kiransa Oga. A Zariya ya koyi aiki, Hausa a bakinsa kamar tamu. Su biyun sai su wuni a kan buɗaɗɗen inji suna musu, wannan ya ce fistin ne, wancan ya ce kai ba ka san komai ba, su rabu ba sallama, gobe su sake haɗuwa. Wurin Oga nake kai motata don in guje wa bakin Yaya. Wata rana ya nuna mini sababbin kayan cikin giya irin na motata, a naɗe cikin takarda mai maiƙo, ya ce daga Ikko, wato Legas, ya sa aka kawo. Ya ce, "Yayanka gaskiya ya faɗa, ko da yake bakinsa ba daɗi. Ranar da taka ta gaji, ka zo."

Sai ƙasa ta rikice. Labarin kashe-kashe ya riƙa zuwa daga Arewa, Ibo suka fara tattara nasu suna komawa Gabas, har waɗanda ke Ibadan. Oga ya zuba kayan aikinsa da kayan gyaran da ya tara cikin akwatunan ƙarfe uku, ya kawo gidanmu ya ce, "Ajiye mini." Yaya ya kulle su a ɗakin zaure. Washegari ya ɗauki Oga da matarsa da 'ya'yansa a Kunkuru, ya kai su har bakin kogin Kwara, inda za su haye. Wasu a Sabo suka yi ta gunaguni, wai a irin wannan lokaci Bahaushe ke yi wa Ibo direba. Yaya ya ce duk wanda ya iya saita kafireto kamar mutumin nan ya fito ya yi magana, sauran su rufe masa baki. Na rubuta wannan don ya faru, kuma a lokacin ba kowa zai iya ba.

Da masu sayar da kayan gyara suka tafi, ƙarfe ya yi wuya a gari. Damina na shigowa, yaƙi ya ɓarke, giyata kuma ta fara. Ina cikin lamba-tu, musamman a gangara, sai sandar ta yi tsalle ta koma firi da kanta. Na riƙa danne ta da hannu ina tuƙi da ɗaya. Na zaga Mokola da kasuwar Dugbe, babu. Na haɗiye girman kai na sami Yaya a zaure.

"Yaya, kayan giyar nan suna cikin akwatin Oga. Da bakinsa ya ce mini in tawa ta gaji in zo."

"Wurinsa ya ce ka zo. Ka je Gabas ka same shi."

"To a sayar mini, a ajiye masa abinsa har ya dawo."

"Ƙarfe ya ba ni ajiya, ƙarfe zan mayar masa. Ka jingine motar."

"In ci me?"

"Ka dawo ka riƙa yi wa Kunkuru lodi."

Na juya na fita.

Tsakiyar damina aka wayi gari da labarin sojojin Gabas sun hayo Kwara, sun iso garin Ore a ƙasar Yarbawa. Aka ce Ibadan suka nufa, kuma in sun shigo, Sabo za su fara tambaya. Ban taɓa ganin tsoro irin na wannan mako ba. Kowa na neman motar da za ta kai mata da yara Arewa. Maƙwabta suka cika mini ƙofa, ni ma hankalina ya tashi saboda matata da 'yarmu mai shekara huɗu. Na ce zan kai su Jebba su hau jirgin ƙasa, tunda a tashar Ibadan ba a samun wuri.

Da safe muna lodi, Yaya ya fito ya tsaya a gaban motar. Ya dubi mata da yara da akwatuna da buhunan abinci, ya dubi yadda bayan motar ya zauna.

Ya ce, "Sauke su. Mutanen can ba za su iso Ibadan ba. Na san motocin da suka taho da su, kuma na san ba su da wurin gyara. Wannan kuwa ba za ta riƙe lamba-tu a gangaren Jebba da wannan kaya ba."

Na ce, "To buɗe akwatin."

"Ba nawa ba ne."

"Don Allah, Yaya. Don darajar mahaifiyarmu."

"Kada ka sa ta a maganar ƙarfe. Sauke su."

Na tayar da mota. Sai da bamba ta taɓa rigarsa sannan ya kauce. Matata ta leƙo daga baya ta ce, "Yaya, a yi mana addu'a." Ita ya kamata ta zauna a gaba, amma ta bar wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu wurin, ta ɗora mata 'yarmu a cinya, ita ta hau baya ta zauna a bakin ƙofa tana tare yaran mutane kada su faɗo.

Mun wuce Oyo, mun wuce Ogbomosho, mun wuce shingayen sojoji, inji na ta aikinsa ba ko tari. Bayan Ilori, rana ta take, muka shiga wata doguwar gangara mai kwana a ƙasa. Na sa lamba-tu don inji ya riƙe motar, na danne sanda da hannun dama. A tsakiyar gangara na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin ƙafata, sandar ta yi laushi a hannuna kamar an zare mata ƙashi. Mota ta sake, ta fara gudu da nauyinta. Na nemi lamba-wan, ta ƙi shiga. Na taka birki, ya kama, na sake takawa, ya ɗau zafi, warin ƙuna ya taso, a taku na huɗu ƙafata ta tafi har ƙasa. Tsohuwa na salati. Da muka iso kwanar na karya sitiyari, motar ta ƙi, muka faɗa rami ta kwanta a gefenta.

Ni da tsohuwa da 'yata muka fito da ƙujewa. Mata biyu sun karye, yara sun fashe a goshi da gwiwa. Matata kuwa motar ta yi jifa da ita, kanta ya sami dutse. Da na iso wurinta tana numfashi. Ta tambaye ni yaran, na ce duk suna nan. Ba ta ƙara magana ba. Mutanen wani ƙauye da ke kusa, Allah ya saka musu, su suka yi mata wanka, muka binne ta a maƙabartarsu kafin magariba.

Wani direban babbar mota da ya nufi kudu ya kai labari Sabo. Washegari da la'asar na hango Kunkuru tana saukowa gangaren a hankali. Ina zaune a gindin bishiya, 'yata na barci a jikina. Yaya ya fito. Ya dube ni, na ɗauka wurina zai zo. Sai ya ɗauki sufana ya gangara ramin. Ya fi rabin sa'a yana kwance-kwance. Har ya sa mutanen ƙauye suka tayar da motar a kan ƙafafunta, ya murza makulli, injin ya tashi bugu ɗaya. Ya kashe, ya hauro, ya kama hannuna ya buɗe, ya zuba mini wasu gutsattsarin ƙarfe uku masu maiƙo.

Ya ce, "Lamba-tu. Ka ji injin da kunnenka, ba shi da laifi. Na faɗa maka."

Ban san sanda na ajiye yarinyar na shaƙe wuyan rigarsa ba. Na ce, "Kai ka kashe ta, kai da akwatinka!" Bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "Ba ni na tuƙa ba." Sai da dattawan ƙauyen suka ɓamɓare ni daga jikinsa.

Ya shimfiɗa ciyawa a bayan Kunkuru, ya kwantar da masu karaya, ya dawo da mu Ibadan yana kauce wa kowane rami, ya kai su asibiti da kansa. Kabarin kuwa ban ga ya je ba. Sojojin Gabas ba su iso Ibadan ba. Wannan ma ya faɗa daidai, kuma ban taɓa tsanar gaskiyar mutum kamar yadda na tsani tasa ba.

Daga ranar ban ƙara riƙe sitiyari ba. Na koma ɗaurin huhun goro a zauren wani maigida. Matar Yaya ta ɗauki 'yata ta haɗa da nata. Gida ɗaya muke da shi, ƙofa ɗaya, sahu ɗaya a masallaci, amma har yaƙi ya ƙare magana ba ta haɗa mu ba. Motocin mutane suka yi ta mutuwa saboda rashin kayan gyara, Kunkuru na nan tana yawo, abin da ya lalace ya goge wani ƙarfe da magagari ya sa mata. Duk ranar Juma'a da safe sai ya buɗe ɗakin zaure, ya fito da kayan Oga ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya shafa musu mai, ya mayar. Daga ɗakina ina jin ƙarar ƙarafan. Nakan toshe kunne da matashi.

Bayan yaƙi da kamar wata biyu, wani mutum ya yi sallama a ƙofar gida. Sai da ya yi magana muka gane Oga ne. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, cikin 'ya'yansa huɗu biyu suka rage. Yaya ya buɗe ɗakin, ya jawo akwatunan tsakar zaure, ya ce ya duba kayansa. Komai na nan, ko tsatsa babu. Oga ya riƙa ɗaga su yana hawaye. Da ya zo kan kayan giyar nan a cikin takardarsu, sai ya juyo gare ni ya ce, "Ashe taka ba ta gaji ba? Ina madam mai dariya?"

Matar Yaya ce daga bayan ƙofa ta ba shi labari, tun daga roƙon har gangaren.

Oga ya ajiye ƙarfen a ƙasa a hankali. Ya dubi Yaya ya ce, "Haba, maigida. Don wannan? Ai da ka ba shi. Da ka ba shi duka akwatin. Ni da na bar gidana da garejina na gudu da raina, ƙarfe zan tambaye ka?"

Yaya ya dubi ƙarfen da ke ƙasa. Ya tashi ya shiga cikin gida. Ranar bai fita aiki ba.

Ciwon da ya kashe shi a ƙirji ya kama shi, ya kwantar da shi mako uku. Ban shiga duba shi ba sai da ya aiko matarsa ta kira ni, ana jibi zai rasu, bayan la'asar. Na tsaya a bakin ƙofa. Ya ce in matso, na matso. Muryarsa ta dushe.

Ya ce, "Kwana biyu ake yi a sauke giyar nan a ɗaura. A makon nan da kowa ke gudu, da na buɗe akwatin, da ka tsaya kwana biyun?"

Na daɗe ina tunani, don ban so in yi wa mai mutuwa ƙarya. Na tuna yadda maƙwabta suka cika ƙofa a ranar. Na ce, "Ban sani ba, Yaya."

Ya ce, "Ni ma ban sani ba. Shekara uku ina juya shi." Ya yi tari, ya huta. "Da na ba ka, da yanzu mun sani."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba, ya juya fuskarsa bango. Ni ma ban ce na yafe ba, ban kuma ce ya yafe mini ba, ko da yake tun a gangaren nan na san hannun wa ke kan sitiyari. Na ja masa bargo ya rufe ƙafafunsa, na fita.

Ni na yi masa wanka, ni na shiga kabari na karɓe shi. Bai yi nauyi ba.

Allah ya jiƙan matata, ya haskaka kabarinta a can inda ba mai ziyararta. Yaya kuma, Allah ya yi masa hisabi mai sauƙi, irin wanda shi bai taɓa yi wa kowa ba. Ni ma ina roƙon irinsa.